Wayoyi a Cikin Bokiti

Jerko yana da wani wuri a teku da babu wanda ya sani sai shi. Dutse ne a ƙarƙashin ruwa, can bayan tsibiri, inda manyan kifaye ke taruwa ko da ko'ina ya bushe. Ubansa ne ya nuna masa: idan hasumiyar coci ta daidaita da tsagar tsaunin da ke bayan gari, to jirgi yana kan dutsen. Ko matarsa bai gaya wa ba. Vinko, ƙanen matar, ya yi furfura yana bin sawunsa bai gano ba.

Da kifi ya ja baya a gaɓar, ƙungiyar masunta ta fito da tsari. Kowa zai rage ragarsa da rabi, a madadin haka jirage su riƙa ɗaukar baƙi 'yan yawon buɗe ido, kaɗan-kaɗan, a ja raga a gabansu, a dafa musu abin da ya fito. Wanda ya fita daga tsarin ya rasa izinin zuba raga a yankin. Dinka, 'yar Jerko, ita ke raba wa jirage baƙi.

Sau biyu Jerko yana kai baƙinsa kan rairayi, inda ya san ko ƙaguwa ba ta kwana. Suka dawo sun ci burodi da man zaitun.

Dinka ta same shi a bakin jirgi yana ɗinkin raga. "Baba, mutane daga wata uwa duniya suke zuwa, kai kuma ka ciyar da su ciyawar ruwa?"

"Teku ce, ba kanti ba."

"Kullum kai kaɗai kake dawowa da kifi, ran da ka ɗauki baƙi sai teku ta ƙi? An yi magana a ƙungiya. Idan gobe ma haka ne, za a cire ka, kuma ba zan iya tare maka ba."

"Kowannensu da waya a hannu. Ko tari na yi sai sun ɗauka. Su ɗauki hoto ɗaya da coci a ciki, jibi kawunki yana wurin."

"To ka san yadda za ka yi."

Washegari baƙi shida suka zo da hulunansu da man shafawar rana. Jerko ya tsaya a bakin jirgi da bokiti, ya nuna wayoyinsu, ya nuna bokitin. Dinka ta ce musu da yarensu al'adar masuntan garin ce. Daɗi ma suka ji. Wani dogo mai jan gemu ya danna wayarsa tukuna sannan ya saka. Jerko ya rufe bokitin da tsohuwar rigar ruwa, ya ɗaure da igiya, ya zauna a kai. A saninsa waya da idonta take gani, kuma ya rufe idon.

Vinko yana nasa jirgin yana kallo. "Yaya, yau kuma wace miyar ciyawa za a sha?"

"Irin wadda aka yaye ka da ita."

Ya yi ta zagaye da su, ya bi arewa, ya juyo ta bayan tsibiri, sai da ya tabbata babu mai binsa sannan ya ɗaga kai ya dubi hasumiya da tsauni, ya kashe inji. Ragar da ya zuba da asuba tana nan. Da aka fara ja, kifi ya yi ta faɗowa cikin jirgi, jajaye da masu ruwan azurfa, wasu sun kai tsawon hannu. Ƙananan ya mayar ruwa kamar yadda tsari ya ce. Ya yanka albasa, ya zuba tumatir da ruwan inabi, ya dafa musu a nan kan teku. Suka lashe tukunya da burodi. A gaɓa ya kwance igiya, kowa ya ɗauki wayarsa. Dinka ta dubi kwandon kifi, ta ce masa sannu da aiki.

Da yamma a mashayar bakin ruwa Vinko ya saya wa mai jan gemu kofi biyu na ruwan inabi. Mutumin yana son ya nuna inda suka je, sai ya buɗe wayarsa. Ga taswira, ga jan layi ya bi arewa, ya zagaya tsibiri, ya tsaya a wuri ɗaya ya dunƙule. Vinko ya sa tabarau, ya yaba wayar ƙwarai.

Da Jerko ya isa dutsen bayan kwana biyu, ranar Talata, ya tarar da jarkar alama mai shuɗin fenti tana lilo a kai. Ta Vinko ce. Kafin mako ya ƙare jarkoki sun zama huɗu. Dinka ce ta yi masa bayani cewa waya ba ta buƙatar ido kafin ta san inda take. Ya saurara har ta gama, ya ce, "Da kin faɗa tun ran nan." Ta ce bai tambaya ba.

Ƙungiyar ta daɗe tana neman a keɓe wani yanki a hana kamu kwata-kwata, don kifi ya samu wurin hayayyafa. Duk lokacin da aka tayar da maganar, Jerko ne kan gaba wajen kashe ta. A taron wannan watan ya miƙe, hula a hannu, ya ce yana da wurin da ya dace. Ya faɗi hasumiya, ya faɗi tsagar tsauni, a gaban kowa.

Vinko ya ce, "Yaya, wannan ai baƙin ciki ne tsagwaronsa."

"Kifi nake tausayi."

"Kai? Tun yaushe?"

"Tun Talata."

Aka yi dariya, aka ɗaga hannu. Masu jarka huɗu suka ƙi, sauran suka yarda. Aka kafa jan tulun alama mai yawo a saman ruwa a kan dutsen, babu mai zuba raga ko ƙugiya a kewayensa, har da Jerko.

Ba a cire shi daga tsarin ba. Yanzu Dinka tana gaya wa baƙi cewa ubanta ne ya ba da wurin kamunsa don jikoki su tarar da kifi, kuma jirginsa suka fi nema. Yakan kai su kan dutsen su leƙa ruwa da tabarau na ninƙaya, su ga kifayen suna kai da kawowa, sannan ya matsa gefe ya ja raga inda kowa ke ja. Wata rana a samu, wata rana a ci burodi. Ranar Lahadi Vinko yana zuwa cin abinci gidan yayarsa kamar kullum, Jerko ya miƙa masa gishiri, su yi hirar yanayin iska da farashin mai.