Ranar da Lazhar Ya Ga Mahadiya Daga Teku

Si Lazhar masaƙin alharini ne a tsohon garin Mahadiya, kuma har furfura ta cinye masa kai bai taɓa sa ƙafa a jirgin ruwa ba. A wani garin wannan ba abin magana ba ne. Amma a Mahadiya, inda teku ta kewaye mutane gabas da kudu da arewa, ta bar musu tsohuwar ƙofar gari, Zaure Mai Duhu, kaɗai su bi su fita tudu, abin tsokana ne babba.

Tun yana goye, mahaifinsa ya tafi nutson ɗebo soson teku can wajen gaɓar Libiya, bai dawo ba. Da yaron ya yi wayo, mahaifiyarsa Duja ta sa shi ya ɗauki alkawarin ba shi ba ruwa, ta kama hannunsa ta kai shi wurin masaƙa. Nan ya girma, nan ya tsufa, yana saƙa wa amaren gari mayafai ja da ruwan zinare, yana jin ƙarar igiyar ruwa ta bayan bango kamar numfashin maƙwabci.

Amininsa Rayis Munji, masunci, kullum da la'asar sai ya zo shagon ya sha shayi ya taɓa shi.

"Sannu da aiki, kazar gidan agwagi! Yau ma ba a jiƙa ƙafa ba?"

"Matsa can, kana sa wa zarena ƙarnin kifi."

"Ƙarnin nan shi ya aurar da 'yan matan da kake saƙa wa kaya, malam."

Duja ta yi tsawon rai. A ciwonta na ƙarshe, wata safiya, ta ce a buɗe mata tagar ɗakinta mai kallon teku, wadda tun Lazhar yana yaro bai taɓa ganinta a buɗe ba. Sai da ya sa ƙarfi katakon ya saki. Iska mai gishiri ta shigo, haske ya riƙa rawa a rufin ɗakin. Tsohuwar ta daɗe tana kallo.

"Ubanka yakan ce wanda bai ga garin nan daga cikin ruwa ba bai san shi ba," in ji ta. "Ni ban gani ba, kai ma na hana ka."

"Inna, ki huta."

"Na warware maka alkawarin. Ka je ka duba ko gaskiya ya faɗa, don mutumin akwai cika baki."

Aka binne ta a maƙabartar bakin gari, can ƙarshen tsinin ƙasa inda fararen kaburbura suke gangarawa har gaɓa. Makoki ya watse, zafi ya fara sauka. Sai wata la'asar da iska ta kwanta Lazhar ya ajiye ƙoshiya, ya rufe shago, ya tafi inda Munji yake ɗaure ƙaramin jirginsa.

Munji ya ɗago daga ɗinkin koma ya dube shi sama da ƙasa: farar riga, jar hula, takalmin zuwa Juma'a.

"Ikon Allah! Biki za ka ko ta'aziyya?"

"Ka kai ni in zagaya garin. Kuma in ka yi mini dariya, wallahi ka gama shan shayina."

Munji ya buɗe baki, sai ya ga abokin nasa ba wasa yake yi ba. Ya haɗiye maganar, ya miƙa masa hannu.

Da farko Lazhar bai ga komai ba. Ya ƙanƙame gefen jirgin, ya runtse ido, yana ta salati. Da suka yi nisa kaɗan Munji ya kashe inji ya ɗauki filafili. Shiru ya sauka.

"Buɗe idonka, ɗan'uwa. Ban kawo ka don ka yi barci ba."

Ya buɗe. Ruwan da ke ƙarƙashinsu garau yake, kore-kore, har yana hango inuwar jirgin tana tafiya a kan yashi, da wasu manyan duwatsu sassaƙaƙƙu kwance a ƙasa, ciyawa tana kaɗawa a kansu. Munji ya ce guntayen tsohuwar ganuwa ne. Lazhar ya ɗaga kai, sai ga garin.

Bai gane shi ba. Shi a saninsa Mahadiya lunguna ce masu inuwa, da ƙofofi shuɗaye, da warin burodi. Yanzu ga ta duka wuri guda, siririya, fara tas, kwance a kan ruwa kamar wani dogon jirgi da aka ɗaure wa ƙasa da igiya ɗaya, wanda in igiyar ta tsinke zai lula da masallatansa da magensa da shanyarsa. Bangon babban masallaci ya yi launin zuma. Sansanin Turkawa yana zaune a kan tudunsa. Kiran yara daga gaɓa yana iso musu sama-sama, kamar daga wata shekara.

Suka wuce bakin tsohuwar tashar da mutanen dā suka sassaƙa cikin dutse, inda aka ce jiragen yaƙin daular Faɗimawa suke kwana. Yanzu 'yan kwale-kwale ne a ciki suna gyangyaɗi. Daga nan maƙabarta ta buɗe, hasumiyar fitila a samanta. Lazhar ya sha zuwa wurin, amma ta baya yake shigowa. Yau da ya zo ta cikin ruwa sai ya ga kamar dukan mutanen garin na dā sun fito sun zauna a gangare da fararen kaya suna jiran jiragen su dawo.

Ya nemi kabarin Duja har ya samu, da sabuwar farar ƙasa, kusa da wani dutse. Munji ya daina tuƙi, ya juya kai yana duban wani waje.

"Inna," in ji Lazhar a hankali, "bai yi ƙarya ba." Ya yi mata addu'a, ya haɗa da mahaifinsa, mutumin da bai san fuskarsa ba, wanda kallonsa na ƙarshe ga garin daga nan wajen ya yi shi. Hawayen da bai zo masa ranar jana'iza ba ya zo, ya bar shi ya zuba.

Da suka zagayo ta arewa rana ta yi ƙasa, ruwan ya koma ja da ruwan goro. Munji ya nuna da haɓa.

"Wancan ba soronka ba ne?"

Shi ne. Ga matarsa Wasila a kai, ƙanƙanuwa kamar tsuntsuwa, tana kwashe barkonon da ta shanya. Lazhar ya manta inda yake, ya miƙe tsaye yana ɗaga hula yana kiran sunanta. Jirgin ya karkata.

"Zauna, mahaukaci! Za ka kifar da mu a gaban iyalinka!"

Ya faɗi zaune, suka ƙyalƙyale da dariya su biyu. Wasila kuwa ta kare ido da tafi, ta duba, ba ta gane kowa ba, ta ci gaba da aikinta.

Da suka sauka Munji ya ɗaura masa kifi a igiya. Lazhar ya bi lungu zuwa gida, rigarsa a jiƙe, ƙasa tana lilo a ƙarƙashinsa, yana dafa bango yana amsa gaisuwa. Wasila ta dubi kifin, ta dubi takalmin Juma'ar da ya sha ruwa, ta riƙe baki.

"Si Lazhar, ina ka shiga?"

"Hura gawayi tukuna," in ji shi. "Mu hau sama, sai in nuna miki."