Gurbi Talatin a Arfa

Sada Mailafiya bai nemi zama magatakarda ba. Ranar da Hausawan unguwar Utaibiyya da na unguwar Tandabawi a Makka suka kafa ƙungiyar taimakon juna, an duba an ga shi ne ke rubuta Hausa da Larabci yadda kowa zai iya karantawa, sai aka miƙa masa littafi da biro. Bakatsine ne mai aikin wutar lantarki, shekararsa goma sha ɗaya a Makka, kuma ba abin da ke gundurarsa kamar zaman taro.

Malam Ja'afar ne ya rubuta tsarin mulkin ƙungiyar. Ɗalibi ne daga Zariya, ya karanta tarihi a gida kafin ya zo karatun fiƙihu, kuma Jamhuriya ta Farko ba ta fita daga bakinsa. Shi ya kawo shawarar kowace unguwa ta zama reshe mai cin gashin kansa, kamar yadda Arewa da Yamma da Gabas suka taɓa zama kowacce da firimiyanta, sannan a sami uwar ƙungiya a sama. Sashe na biyar ya ce harkar aiki ta rassa ce. Sashe na tara ya ce hulɗa da wanda ba ɗan ƙungiya ba ta uwar ƙungiya ce. Kowa ya sa hannu, aka sha shayi, aka watse.

Wata shida ba wanda ya sake buɗe takardar. Da aikin Hajji ya matso, sai wani Basaudiye mai kamfanin dafa abinci, Bandar, wanda Sada ya taɓa ja masa wuta a ɗakin girkinsa, ya kira shi. Yana neman mutum talatin, masu girki da masu wanke-wanke, su yi masa aiki a tantunan Arfa. Ya ce a kawo sunaye da hoton iƙamar kowa, wato katin izinin zama a ƙasar, cikin mako biyu, don ya nema masu takardar izinin shiga.

Sada ya kai labarin da murnarsa gidan shugaba, Alhaji Nu'uman Baraka, dattijon da ya shekara arba'in a Tandabawi. Aka kira taro ranar Juma'a bayan la'asar.

Alhaji ya gyara zama ya ce, "Wannan ai ba ta da wuya. Bandar ba namu ba ne, don haka magana ta uwar ƙungiya ce. Zan zauna da Sada mu fitar da sunaye."

Mahadi, direban babbar mota ɗan Damagaram, shi ke shugabantar reshen Utaibiyya. Ya ajiye kofinsa ya ce, "Baba Alhaji, a yi haƙuri. Bandar baƙo ne, gaskiya ne, amma abin da ya zo da shi aiki ne. Aiki kuwa na rassa ne, ga shi nan a rubuce. Ku karɓi saƙo ku miƙo mana, mu ne muka san mutanenmu."

"Wato ni ban san mutane ba?"

"Kun san na Tandabawi."

Sada ya juya wajen Malam Ja'afar ya ce, "Malam, kai ka rubuta. Wanne ne a sama, biyar ko tara?"

Malam Ja'afar ya yi murmushin wanda aka sosa wa inda ke masa ƙaiƙayi. Ya ce wannan ita ce tambayar da ta dami iyayenmu bayan samun 'yancin kai. Ya yi bayanin abubuwan da aka bar wa tarayya da waɗanda aka bar wa yankuna da waɗanda aka ce na kowa ne. Ya shiga maganar 'yan doka na En'e da 'yan sandan tarayya, ya ratsa ta kan rigimar ƙidaya. Har aka kira magariba bai ce biyar ba, bai ce tara ba.

A hanyar masallaci Sada ya riƙo hannunsa. "Malam, don Allah amsa ɗaya nake so."

"Ai hikimar ke nan, Sada. An bar wa kowane ɓangare ƙofa."

"Bandar ba ƙofa ya ce in kawo masa ba, sunaye ya ce."

Ranar Talata Mahadi ya aiko masa da sunaye talatin, dukkansu 'yan Utaibiyya. Ranar Laraba Alhaji ya aiko da nasa talatin, ashirin da huɗu daga Tandabawi. Kowanne ya ja masa kunne kada ya kuskura ya kai na ɗayan. Sada ya kawo shawarar a raba sha biyar sha biyar. Mahadi ya ce ya yarda da rabon, in dai reshe ne ya yi shi. Alhaji ya ce shi ma ya yarda, in dai za a rubuta cewa uwar ƙungiya ce ta ba wa rassa. A kan wannan kalmar ta "ba wa" aka cinye Juma'a ta biyu, aka tashi baram-baram.

Yayarsa Rabi, wadda ta yi girki a Arfa shekara bakwai a jere, ita ta tare shi a ƙofar gida da safe zai fita aiki.

"Ina maganarmu ta kwana? Mata sun ishe ni da tambaya."

"Yaya Rabi, ana kan tattaunawa."

"Tattaunawar me? A cikin masu zaman nan akwai wanda ya taɓa juya tukunyar shinkafar mutum ɗari biyar? Mahadi ya sa sunan surukinsa, mutumin da ko ruwan zafi bai iya dafawa ba. Shi kuma Baba Alhaji ya sa mutum biyu da suka koma gida tun azumi."

Sada ya san gaskiya ta faɗa, ya wuce wurin aikinsa.

Wa'adi ya wuce da kwana uku kafin ya yi ƙarfin halin zuwa ofishin Bandar. Ya fara bayanin cewa akwai sashe na biyar da sashe na tara, sai ya ji kunyar abin da ke fita daga bakinsa, ya katse bayanin. Bandar ya dube shi ta saman tabarau.

"Ya Sada, ni ban san ƙungiyarku ba, kai na sani. Na jira, ba ka zo ba. Gurbi goma sha takwas na ba wasu. Saura sha biyu. In kana so, kafin azahar. In ba ka so, halas, magana ta ƙare."

Sada ya fito ya tsaya a inuwar wani shago, zufa na tsiyaya a bayansa. Ya ɗaga waya zai kira Alhaji, ya fasa. Ya nemo lambar Mahadi, ya fasa. Ya kira Rabi.

"Yaya, faɗa mini mutum goma sha biyu da suka iya aikin nan, masu iƙama mai rai. Kada ki gaya mini unguwar kowa."

Ba ta yi minti biyar ba ta lissafo su. Ya rubuta a kan gwiwarsa, ya tara hotunan iƙamarsu ta waya, ya miƙa wa Bandar ana kiran sallah. Sai da ya dawo gida ya duba, ya ga bakwai 'yan Utaibiyya ne, biyar 'yan Tandabawi.

Taron da ya biyo baya shi ne mafi cika tun da aka kafa ƙungiyar. Alhaji ya ce magatakarda ya tsallake uwar ƙungiya. Mahadi ya ce ya taka haƙƙin rassa. Malam Ja'afar ya ce a tarihi irin wannan suna gare shi, kuma ba suna ne mai daɗi ba. Sada ya saurare su duka, yana rubuta abin da kowa ya faɗa a kansa, tunda aikinsa ne. Da suka gama ya ce, "Mutum goma sha takwas sun rasa aikin bana. Akwai wanda zai ce wani abu a kansu?"

Wani tsoho mai wanke-wanke, Abdullateef, wanda sunansa ya fito a takardun biyu amma bai shiga cikin sha biyun ba, ya tashi ya ɗauki takalmansa ya fita ba sallama.

Alhaji ya yi gyaran murya ya ce, duk da haka dole a hukunta magatakarda, kuma shi ya dakatar da shi. Mahadi ya ce a'a, Sada ɗan Utaibiyya ne, reshe ne ya ba da aronsa, reshe ne zai janye shi. Suka juya wajen Malam Ja'afar. Ya buɗe takardar ya karanta sama da ƙasa, ya ce a gaskiya bai rubuta yadda ake cire magatakarda ba.

Sada ya rufe littafin ya ajiye a tsakiyar darduma. "To ga shi nan. Wanda ke da iko ya ɗauka."

Alhaji ya dubi Mahadi, Mahadi ya dubi littafin, ba wanda ya miƙa hannu. Sada ya fita ya bi bayan Abdullateef, ya same shi a bakin titi yana jiran mota. Ya ba shi haƙuri, ya ce zai tambayi wani mai otal da ya sani ko yana neman ma'aikaci. Tsohon ya ce Allah ya sa, ya hau motarsa.

Washegari da safe, Sada na kan tsani yana gyaran fanka a wani masauki, sai ga direban Alhaji ya shigo da littafin a cikin leda. Ya ce an kafa kwamitin gyaran tsarin mulki, za a zauna Juma'a bayan la'asar, kuma an ce ya zo da wuri don shi zai rubuta.