Tankaɗen Gajimaren Taurari

Jiya bayan azahar barci ya sace ni a kan tabarma, na yi wani mafarki. Kwana goma sha tara ke nan ba a yi ruwa ba, geronmu ya fara nannaɗe ganye, kuma ko a mafarkin ban manta da wannan ba.

Na tsinci kaina a wata farfajiya da ba ta da ƙasa, taurari a ƙarƙashin ƙafata. Wata zabuwa mai tabarau tana zaune a kan buhuna uku.

"Iya Tabawa, an ce ke ce gwanar tankaɗe," in ji ta. "Gajimaren duniyoyi ne aka kawo awo, takardun suka ɓace. Ɗaya na garinku ne. Wanda kika zaɓa, shi zai sauka a gonarku."

Ta miƙo mini rariya bakwai, kowace ta fi 'yar'uwarta ƙananan ido.

Na kwance buhun farko. Fari ne fat, ƙwayoyinsa ƙanƙara ce mai tsini, suka tsaya a rariya ta biyu suna ƙara kamar tsakuwa. Warinsa kuwa na turken awaki. Na ɗaure.

Na biyu rawaya ne, kyakkyawa, har ya wuce rariya ta shida. Raina ya biya. Ni da ba na yarda da gari sai na ɗanɗana, na kai yatsa.

"Na tauraruwa Zara ne," in ji zabuwa a hankali. "Dubi rariyarki."

Ya cinye wayar, saura katako.

Na uku toka-toka ne, ba shi da wani fasali. Ya bi ta rariya ta bakwai kamar numfashi. Na tara tafin hannu, ɗigo ɗaya ya zauna, na ga ƙwayar gishiri a tsakiyarsa, ƙarama ƙwarai, ruwa ya rungume ta. Ashe kan wannan 'yar aba duk abincinmu yake rataye. Na lasa, na ji ƙamshin ƙasa ranar shuka.

"Namu ne," na ce.

"To ɗauka. Amma a rariya ake kai shi."

Na aza a ka, na kama hanya da sauri, yana zuba a kafaɗuna, ina roƙonsa ya yi haƙuri mu isa. Na hango gonarmu sai na ji ƙarau-ƙarau.

Na farka, ashe maigidana ne yake gungura gangar da ba komai a cikinta zuwa rijiya. Na ɗaga kai. Babu ko ƙyallen gajimare, amma na daɗe ban iya sauke idona ba.