Ƙafar Baba Tela

Nas ɗin tana kwance bandejin, warin ya buge ta. Gyambon da ke tafin ƙafar Baba Tela ya fara baƙi a gefe, yana tsatsafo da wani ruwa mai yauƙi. Sabuwar nas ce, ba ta taɓa ganin irinsa ba.

"'Yata, yana warkewa ko?" in ji tsohon. "Ɗinkin mutane na can jibge, kuma da ƙafar nan nake taka keke."

"Ina zuwa, Baba."

Ta sami Babbar Sista a ofis, ta miƙe ƙafafu a kan kujera tana latsa waya.

"Sista, don Allah gyambon mai ciwon sugan nan ya canza launi. Ko za ki duba mini?"

Sista ta taso har bakin ƙofa, inda kowa zai ji.

"Ku zo ku ga nas da ba ta iya wanke gyambo ba! Me kika je yi makaranta, kwalliya? Ni da na fara aiki wa na tambaya? Ki wanke ki naɗe, kada ki sake damuna."

Sauran nas-nas suka sunkuyar da kai. Babu wadda ba a yi wa haka ba, shi ya sa kowacce ta koyi kama bakinta. Likita kuwa ba a kai masa magana sai ta hannun Sista. Sabuwar nas ta koma ta wanke, ta naɗe. Kullum haka: ta wanke, ta naɗe, ta shiga banɗaki ta yi amai.

* * *

Ranar da aka yanke ƙafar daga gwiwa, Sista ta tara nas-nas a gaban likita, tana ta ƙamshin turare.

"Kullum ina gaya musu, ranka ya daɗe, duk abin da ya shige musu duhu su zo su same ni. Yaran yanzu, girman kai ke hana su tambaya."

Ƙyamar Sista sabuwar nas take ji, amma ta fi jin ƙyamar bakinta da ya buɗe ya ce, "A yi haƙuri, Sista."

* * *

Ranar sallama, matar Baba Tela ta riƙe wa sabuwar nas hannu.

"Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Kin yi ƙoƙari."

Sannan tsohuwar ta durƙusa ta jawo takalman mijinta daga ƙarƙashin gado. Ta sa masa na hagu. Ta tsaya riƙe da na dama, tana waige-waigen inda za ta ajiye shi.