Abin da Likitoci Suka Ce

Ok-bun tana cikin ɗaure wa wata mata busasshen kifi wayarta ta yi ƙara a aljihu. Ta miƙa ledar ko kallon matar ba ta yi ba. Saƙon murya ne daga Kanada, daga surukinta Callum.

Jiya aka yi wa 'yarta Hye-rin tiyata aka ciro bakwaini, mace, aka sa ta a kwalba. Mai jegon ba ta samu ƙarfin yin waya ba tukuna, don haka duk labarin da zai zo sai ta bakin mijin. Shi kuwa Callum abin da ya iya a Koriyanci bai wuce gaisuwa da “na ƙoshi” ba.

Ta toshe kunne ɗaya saboda hayaniyar kasuwar garinsu Tongyeong, ta kara wayar a ɗayan. Muryarsa a gajiye take, sai zuba Turanci yake yi.

“Me ya ce?” in ji mijinta Man-seok, yana zaune a kujerar roba a ƙuryar rumfar.

“Da na sani zan tsaya ina kallonka?”

“To kada dai ki sa rai da yawa. Wata bakwai ne fa. Mu jira.”

“Kai tun da na aure ka kake jira, Baban Hye-rin.”

Man-seok ya miƙe. Ya ɗauki hularsa ya ce bari ya zagaya.

Chun-ja, maƙwabciyarta mai sayar da kawa, irin dodon koɗin nan na teku, ta leƙo tana goge hannu. “Yaya, kawo nan. Wayata tana fassara komai.” Suka haɗa wayoyin baki da baki. Na'urar ta haɗiye rabin maganar, ta fito da layi ɗaya: likitoci suna da fata.

“Fata?” in ji Chun-ja. “Ai ni ma ina da fatan in wayi gari ina 'yar shekara ashirin.”

Ok-bun ta mayar da wayarta aljihu. A saninta, sai magani ya ƙare ake komawa ga fata. Ta ci gaba da ciniki, amma hannunta ne kawai a rumfar. Wani ya nemi jatan lande ta auna masa kifi.

Wajen hantsi sai ga Malam Pyo da jakar cefanensa. Ya daɗe yana koyar da Turanci a sakandare kafin ya yi ritaya, har Hye-rin ta bi ta ajinsa. Ok-bun ba ta bari ya gama gaisuwa ba ta tura masa wayar.

Ya saurara ido a rufe, ya sake kunnawa, sannan ya buɗe ido.

“Kalmar da ya faɗa ita ce hopeful.”

“Malam, ni dai faɗa mini, za ta rayu?”

“Ba alkawari suka yi ba, Maman Hye-rin, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma ba irin fatan Chun-ja ba ne.”

“Malam, har da ni?” in ji Chun-ja.

“Naki babu abin da ya tokare shi. Likita kuwa ba ya sakin wannan kalma sai ya ga abin da ya ba shi ƙwarin gwiwa. Ga shi ma, Maman Hye-rin, surukinki ya lissafa: numfashin jaririyar ya daidaita, ta karɓi ɗan nono ta roba, ta kuma riƙe masa yatsa.”

Ok-bun ta zauna a kujerar da mijinta ya bari.

“Akwai wata kuma, optimistic,” Malam Pyo ya ci gaba, don shi in ya fara darasi ba ya tsayawa. “Ita sau da yawa hali ce. Mutumin da ko ina ya duba alheri yake hange.”

“Wanda ko ina ya duba masifa yake hange fa? Shi ma yana da suna?” in ji Ok-bun.

“Yana da shi.”

“To ka tsaya mijina ya dawo ka raɗa masa.”

Chun-ja ta ƙyalƙyale da dariya har ta dafa tebur.

“Da saura,” in ji Malam Pyo. “Ya ce Hye-rin ta farka tana neman miyar ciyawar teku. Ya sayo ciyawar, bai san yadda zai yi da ita ba. Wai ki taimaka masa.”

“Wayyo 'yata, a hannun wannan mutumin!” Ok-bun ta miƙe zumbur. Wannan miyar ce abincin mai jego a wurinsu. Ta zaro damin ciyawar mai kyau, ta jawo roba da ruwa. Chun-ja ta riƙe waya tana ɗaukar bidiyon da za a aika masa, Malam Pyo yana fassara. A jiƙa ta yi laushi, a matse, a soya da man riɗi da ɗan nama kafin a zuba ruwa. “Ka gaya masa kada ya kuskura ya sa albasa. Ka faɗa da ƙarfi, Malam!” Masu cefane suka taru, kowace tana ƙara nata, har wata tsohuwa ta tura kai cikin hoton tana yi wa mai jego barka.

Da rana Man-seok ya dawo. Tun daga nesa Ok-bun ta ga an yi masa aski, ga kuma rigar da yake zuwa biki da ita.

“Zagayen ke nan? Ina ka je?”

“Ofishin fasfo. Nawa ya daina aiki tun bara.” Ya zauna yana kallon ƙasa. “Layi ne ya tsayar da ni. Da kuma mai hoto.”

“Me mai hoto ya yi maka?”

“Wai ba a murmushi a hoton fasfo. Ya yi ta sake ɗauka, yana ta mita.”

Ok-bun ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta buɗe kwanon abincinsu, ta tura masa babban yankan kifin.

“Ci,” ta ce. “In ka gama in ba ka labarin jikarka.”