Rasit a Cikin Samfurin Kwala

Babanmu tela ne, kuma yana da wata ɗabi'a da ta kusa raba mu da gidanmu. Duk takardar da ta shigo gidan nan ba ya tambayar abin da ke cikinta, murza ta yake yi da yatsu biyu. In ta yi laushi a ƙunshe maɓallai da ita, in ta yi kauri ya sa almakashi ya yanka samfurin kwalar riga ko na aljihu ya rataye a ƙusa. Takardun banki kuwa, Allah ya yi musu kauri mai kyau.

Ranar Talata na dawo daga aiki na tarar da wani mutum yana liƙa sanarwa a ƙofarmu. Na matsa na karanta. Bankin da ya ba Baba bashin sayen gidan ya ce an yi wata huɗu ba a biya ba, an aiko gargaɗi har sau uku ba amsa, saboda haka za a yi gwanjon gidan ranar Alhamis. Jibi ke nan.

Ni dai an san ni da saurin fushi. Na faɗa shago, wanda ɗaki ne a gaban gidan, na sauke wa Baba kwandon faɗa. Bai ko ɗaga ƙafa daga kan keken ɗinki ba. Ya ce ai ya biya, har na gaba ma ya haɗa, tun da ya sayar da keken surfaninsa. Ya kai kuɗin da hannunsa, aka ba shi rasit. Na ce ina rasit ɗin? Sai ya ɗaga kai ya dubi ƙusa.

Nan muka zube samfuran a ƙasa, ni da Inna. Ga gargaɗin farko ya zama hannun riga. Na biyu aljihu ne. Na ƙarshe, mai jan rubutu, shi Baba ya fi so, har ya yi baƙi don amfani. Inna ta ce wai ashe wata huɗu banki na ta yi mana ihu daga jikin bango. Dariya ta kama ni ina cikin fushi.

Can sai ga rasit, ya zama kwala. Na yi tsalle na rungume Inna. Amma murna ta koma ciki, don almakashi ya bi ta daidai inda hatimi da lamba suke. In babu su kuwa, takardar banza ce.

Baba ya ce shi ba ya zubar da guntu. Inna ce ta tuna: guntayen takarda ita ke ninke su tana naɗe ragowar zare. Muka juye gwangwanin zarenta, ƙulli ya fi sittin. Kowa ya kama warwara. Ja, shuɗi, fari, ɗaki ya zama kamar an saki gizo-gizo. Duk wanda na buɗe sai in ga rabin tallar magani ko katin biki.

Baba ne ya miƙo min wani da ya warware daga koren zare. Ya ce, "Duba wannan, kaurinsa irin nasu ne."

Shi ne. Ga hatimin nan raɗau, lamba cikakkiya. Inna ta rangaɗa guɗa har maƙwabciya ta leƙo ta katanga.

Washegari tun ba a buɗe banki ba muna bakin ƙofa. Baba ya ɗinke guntun a jikin kwalar da zare, ɗinki siriri, wai shi ba ya yarda da gam. Ma'aikaciyar da ke kula da bashin gidaje ta juya abin a hannu ta dube mu, ta danne dariya, ta shiga da lambar cikin kwamfuta. Minti goma da suka fi min shekara tsawo. Sai ta ce kuɗin na nan, an saka su a asusun wani ne bisa kuskure. Ta ba mu haƙuri, ta buga takardar soke gwanjo ta sa hannu ta miƙa wa Baba.

A waje na gan shi yana murza ta da yatsu biyu. Na buɗe baki zan fara faɗa, sai ya miƙo min ita.

"Karanta min, 'yata. A hankali."

Na ce to me ya hana shi kawo min na farkon in karanta?

Ya ce, "A da yayarki ce ke karanta min. Tun da ta yi aure, ke kullum a gajiye kike dawowa, kuma ba ki raina abin faɗa. Sai na ji nauyi."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata. Muka zauna a kan dakalin bankin, mutane na wucewa, na karanta masa ita tun daga kwanan wata har sa hannu. Da na gama ya ce in sake karanta wajen da aka ce gidan nasa ne, na sake.