Maɓalli Huɗu a Gwangwani

"Ni dai na gama magana," in ji Manaja, yana kaɗa makullin mota a yatsa. "A yi wa Baba aikin. Ko akwai mai ja?"

Wa zai ja? Tun suna yara, in babban wansu ya ce ga hanya, bi kawai suke, ko da rami a gaba. Ƙanwarsa Malama, wadda ke tsawata wa ɗalibai sittin a aji su yi tsit, ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. Auta, ƙato da gemunsa da 'ya'ya biyu, ya ƙura wa silin ido sai ka ce yau ya fara ganinsa. Mahaifiyarsu kuwa, Umma, tana kan kujerar kusa da ƙofa, hannuwa a cinya.

Anti Tela na tsaye a bakin falon, tef ɗin awo rataye a wuya, don daga kan keken ɗinki Malama ta kira ta a waya tana kuka. Shekara talatin da biyu katanga ɗaya ce tsakanin shagonta da gidan mahaifinsu, Baba Kafinta. Shi ya haɗa mata teburin yanka, shi ya gyara mata ƙofa sau ba adadi, kuma bai taɓa gamawa ba sai ya ce ɗinkinta ya fi aikinsa karkacewa. Yanzu kwanansa goma sha tara a asibiti, ciwon hanji ya cinye shi, an yi masa aiki har sau biyu. Da safen nan likita ya tara su ya faɗa musu gaskiya: ana iya yin na uku gobe, amma da wuya ya farka daga allurar barci, in ma ya farka wata ɗaya ne ko biyu da robobi a jiki. Ko kuwa su kai shi gida da maganin rage zafi, nas ta riƙa zuwa dubawa. Yana son amsa kafin ƙarfe huɗu. Shi mai jikin ba ya iya magana yanzu, sai dai ya buɗe ido ya rufe.

Abin da ke cin Anti Tela a rai, ranar da za a tafi da shi, suna jiran mota a ƙofar gida, ya kama hannunta ya ce, "Tela, in kin ga abin ya zo ƙarshe, kar ki bari su bar ni a can. A ɗakina nake so." Ta ce masa ya daina zancen banza, amma ta amsa. Ga shi yanzu sha biyu ta wuce, kuma a gabanta ana shirin barinsa a can.

Tana iya faɗa yanzu. Amma ta san Manaja kamar yunwar cikinta, ita ta ɗinka masa kayan makarantarsa na farko. In ta ce Baba ya ce, zai ce wa ya ji, kuma daga nan ta zama maƙwabciya mai shisshigi, an rufe ƙofa ke nan.

"Manaja," ta ce, "ajiye makullin nan, yana sa ni jiri."

Ya ajiye.

"Kun yarda duka?"

"Ai kin ji, Anti, babu wanda ya ce a'a."

"Babu wanda ya ce e ma. Ku jira ni, kar wanda ya motsa."

Ta fita, ta dawo da tsohon gwangwanin madara da take tara maɓallai a ciki. Ta zazzage su a kan tebur, ta tsinci farare huɗu da jajaye huɗu, ta ba kowa fari ɗaya da ja ɗaya. Dabara ce da ta daɗe tana yi a shago. In ƙawayen amarya goma suka zo zaɓen yadi, mai babbar murya ce ke zaɓa, sauran su yi shiru, sai an gama ɗinki kowa ta zo tana ƙunƙuni. Tun da ta fara ba su maɓalli ta huta.

"Haba Anti," in ji Manaja, "ran mahaifinmu za mu yi wa ƙuri'a kamar zaɓen shugaban aji?"

"Ba ƙuri'a ba ce, kuma ba ita za ta yanke ba. Ran Baba yana hannun Mai shi. Ni so nake in san abin da ke cikin cikinku, tun da bakinku ya ƙi buɗuwa. Fari, a kawo shi gida. Ja, a yi aiki. Kowa ya sa ɗaya a ciki, ɗayan ya ɓoye a aljihu. Ba mai ganin na wani."

Ta rufe bakin gwangwanin da ƙyalle, ta fara da Auta. Malama ta sa nata tana jan hanci. Manaja ya daɗe da hannu a ƙarƙashin ƙyallen, har Anti Tela ta ce, "Ba rijiya ba ce, ɗan nan, saki." Umma ta sa nata ba tare da ta ɗago ba.

Anti Tela ta juye a kan tebur. Fari uku, ja ɗaya.

Malama ta fashe da kuka. Auta ya juya ya kalli wansa, ransa a ɓace. "Yaya, don Allah ka duba. Mu uku ne. Wahalar ta isa haka, ka ga yadda ya koma kuwa? Ka bar shi ya huta mana!"

Manaja ya sa hannu a aljihun riga, ya ciro abin da ya rage masa, ya buɗe tafinsa. Ja ne. Wato fari ya jefa.

"To me ya sa ka ce a yi?" in ji Malama.

"Me kike so in ce?" Muryarsa ta karye. "Ni ne babba. In na ce a dawo da shi, gobe a ce Manaja ya gaji da ubansa. Ku ma na ɗauka abin da za ku ce ke nan. Kwana uku ba na iya cin abinci, wallahi. Jira nake ɗayanku ya musa mini, kun ƙi."

"Yaushe muka taɓa musa maka?" in ji Auta, yana dariya yana share ido.

Anti Tela ba ta yi dariya ba. Lissafin ba wuya: in ba Manaja ba ne, ba Auta ba, ba Malama ba, saura mutum ɗaya. Duk tunaninta tana kallon Umma a matsayin wadda ke goyon bayanta. Su ma yaran suka gano, dariyar ta mutu, suka juya gaba ɗaya wajen ƙofa.

"Ni ce," in ji Umma. "Ba sai kun kalle ni haka ba."

"Umma, ke da kike kwana a wurinsa, kina ganin..."

"Yi shiru, Auta," in ji Anti Tela. "Ku uku, ku fita tsakar gida ku sha iska. Manaja, har da kai."

Da suka fita ta jawo ƙaramar kujera ta zauna gaban Umma, gwiwa da gwiwa. Maganar alkawarin na bakinta, kalma biyar ta isa ta gama komai. Ta kalli fuskar matar, ta ga yadda kwana goma sha tara suka zaftare ta, sai ta haɗiye.

"Na san ya gaya miki," in ji Umma. "Ina bayan ƙofa ranar. Ni sau uku ya gaya mini."

"To, Umma?"

"Ba ƙin maganarsa na yi ba, Tela. Na san aikin ba zai yi ba, ni ba yarinya ba ce." Ta shafa gwiwa. "Amma kin ga, muddin yana can, kullum in na zo ɗaukar kaya ina share ɗakinsa, ina cewa kafin ya dawo. Ina wanke kofinsa, kafin ya dawo. Ina da abin jira. In ya dawo ɗin fa? Me zan zauna ina jira kuma?"

Tausayi ya kama Anti Tela. Ta riƙe hannun Umma, suka yi kukansu, mai isarsu, ba mai rarrashin wata.

"Ba zan yi miki ƙarya ba," ta ce daga baya. "Abin da kike tsoro shi za ki jira. Ko a can ko a nan, zuwa zai yi. A can za a tura shi bayan ƙofa, ki zauna a benci, wani yaro da farar riga ya fito ya gaya miki. A nan kina kusa da shi. Kuma ba ke kaɗai ba, na rantse miki. Zan rufe shago."

"Ke? Ki rufe shago? Ranar da kika haihu ma sai da kika gama wa mutane ɗinki."

"To ki gwada ni."

Umma ta ɗan murmusa. Ta daɗe tana kallon tebur. Idon Anti Tela na kan agogon bango, biyu saura kwata. Can Umma ta kwance bakin zaninta, ta ciro farin maɓallin da ta ƙulle a ciki, ta ajiye kusa da sauran ukun.

"Kira su," ta ce. "A gaya wa Manaja ya zo da shi a hankali, ban da gudun nan nasa. Kuma a matsar da gadon kusa da taga."

Kafin la'asar an kawo shi. Da aka shigo da shi ɗakin ya buɗe ido, ya bi bango da kallo, ya kalli durowar da ya haɗa da hannunsa, ya kalli Umma. Da idonsa ya faɗo kan Anti Tela sai ya ɗan ɗaga yatsa ɗaya daga kan bargo. Ta ce, "Na gani, tsoho. Ba sai ka yi surutu ba." Ta fita waje da sauri don kar ya ga fuskarta.

Kwana biyar ya yi. Anti Tela ta rataya kwado a shago, masu kaya suka yi ta zarya suna mita, ta ce wanda ya matsu ya zo ya kwashi yadinsa. Ta tsara musu zama: Malama da safe kafin makaranta, Auta da yamma, Manaja duk lokacin da ya samu, sai ga shi kullum yana samu. Nas na zuwa ta yi allura ta tafi. Umma kuwa ba a sa ta a layi ba, don ba ta tashi daga gefen gadon sai don salla. Tana jiƙa masa leɓe da auduga, tana ba shi labarin wanda ya zo da wanda bai zo ba, har da gulmar maƙwabta.

Rana ta biyar, wajen sha ɗaya na safe, Anti Tela ta shigo da ruwan ɗumi a roba. Malama ta tafi aiki, Manaja na tsakar gida yana waya ƙasa-ƙasa. Tun daga bakin ƙofa ta ji ɗakin ya canza. Numfashin nan mai ƙara da suka saba ji kwana biyar, babu shi.

Ta ajiye robar a hankali. Ta matsa ta duba ƙirjinsa, ta taɓa wuyansa, ta yi salati a ranta. Fuskarsa a sake, yana fuskantar taga. Ta sa yatsu biyu ta rufe masa ido.

Umma na zaune a ƙasa, ta kifa kai a gefen katifa, barci ya sace ta, barcin farko na kirki da ta samu cikin kwanaki. Hannunta na cikin nasa. Anti Tela ta miƙa hannu za ta taɓa kafaɗarta, sai ta fasa. Ta leƙa ta taga, ta yi wa Manaja alama ya kashe wayar ya shigo ba motsi. Sannan ta janyo labule inda rana ke dukan fuskar Umma, ta zauna a ƙasa kusa da ita, tana jira ta farka da kanta.